Kada A Sayar Da Shuɗiyar Mota

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya gaya mini gaskiya game da zuciyata, na kuma gode masa da bai yi mini kwana-kwana ba. Ina zaune a ƙofar gareji, iska na kaɗa ni, kuma rabon da in ji raina wasai haka an daɗe.

Na ɗaya. Rabon gado ba nawa ba ne, Allah ya riga ya yanka. Gida da shagon kayan gyaran mota ku kira masana su raba muku. Ba wanda ke bi na ko sisi. Daga wankin mota na fara, da takardar sakandare da ko aikin masinja ba ta samo mini ba, na zama direba, na zama mai shago, ban taɓa miƙa wa wani hannu ba.

Na biyu, shi ne dalilin takardar nan. Shuɗiyar mota ta mahaifiyarku ce. Na ba ta ita kyauta da raina a gaban kawunku, makulli na hannunta, don haka ta fita daga gado. Kun san duk mako sai an kai Inna babban asibiti saboda ƙodarta, hanyar da nisa, gwiwoyinta kuma ba sa yarda da hawa motar haya. Abin da ya hana ni sukuni tun da na kwanta shi ne in rufe ido a sayar da motar nan, a bar baiwar Allah a bakin titi tana ɗaga wa masu wucewa hannu.

Babba, kai ka ce a sayar. Ka duba mita ka ga ta haura kilomita dubu ɗari biyar, ka ce wannan ai gawa ce da ba a binne ba, wata rana za ta mace da Inna a dokar daji. Ban ga laifinka ba, tsoron abin da zai sami uwarka ne ya sa ka faɗa. Dogo, kai ka ce ba mai taɓa ta, ka kuma ɗora da cewa yayanka kuɗin kawai yake hange. Wannan maganar ba ta dace ba, ka sani. Daga nan kuka daina gaisawa, matanku ma suka ɗauka, har jikokina suka koma kallon juna ta saman katanga.

Shi ya sa watan jiya na ce ina son ganin gwaggonku kafin in tafi, na ce ku biyu za ku ɗauko ta, kuma a Shuɗiya. Tafiyar yini guda zuwa, yini guda dawowa. Na san rediyonta ya mutu tun tuni, na kuma san ba wanda zai iya yini da ɗan'uwansa a kujera ɗaya bakinsa a rufe. Gwaggonku ta ba ni labari. Ta ce da dawowa musu kuke ta yi a kan wanda ya fi iya canza giya, har ta ce ku yi mata shiru kanta na sarawa. Mota ko tari ba ta yi ba. Da na hango ku ta taga kun fito kuna cin abu a leda ɗaya, sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Rediyon nan kada wanda ya gyara shi.

Na uku. Ku fahimci abin da mita ke faɗa. Nisan da mota ta yi kawai take ƙirgawa, ba ta san wanda ya riƙe ta ba. Shuɗiya a doguwar hanya ta yi yawancin tafiyarta, inji na juyawa a natse, ba tsaya-tashi na cikin gari ba. Ban taɓa bari baƙin mai ya wuce lokacinsa ba. Ban taɓa zuba mata ruwan kwata a lagireto ba. Da safe sai ta ɗumama nake taka ta. In ta yi wani sabon sauti, ranar nake duba shi, ba na cewa sai ya ƙara girma.

Ku kwatanta da farar motar da ke ƙarƙashin tamfol. Na saye ta ne don a san na isa, kuma an sani. Mitarta kamar ta jariri, amma zama ya cinye ta: tayoyi sun tsattsage, robobi sun bushe suna zubar da mai, ɓeraye sun yi gida a cikin wayoyi. Duk dillalin da ya leƙa mitar zai yi ta lashe baki. Ku sayar da ita ku raba, amma ku gaya wa mai saye halin da take ciki.

Na huɗu. Babba, a tafiyar nan ka shiga ƙarƙashin Shuɗiya da kayanka masu tsada, ka gano tsatsa ta fara cin bututun birki. Ni ban gani ba, idona ya rage. An canza shi, kuma ranar na tabbata na haifi ɗa. Don haka hukuncin motar a hannunka na bar shi. Ranar da tsatsa ta kama ƙashin bayanta, ko ta fara shan baƙin mai kamar fetur, ka ce ta isa, Dogo kuma kada ya yi maka gardama. Amma ba za a rabu da ita ba sai kun ajiye wa Inna wata a ƙofar gida, mai ƙasa-ƙasa yadda za ta iya shiga. Kuma duk ranar da za a sayar, kada a mayar da mitar baya. Dillalai za su ba ku shawarar haka, aikin minti kaɗan ne. Shekaru na yi a kasuwar nan ban yi ba. Tafiyar da muka yi ni da ita, ba na jin kunyar ko taku ɗaya.

Na biyar. Auta, akwatin sifana da jak naki ne, tunda ke kaɗai kika tsaya kika koyi canza taya ba tare da kin ɓata rai ba. Ki riƙa duba mai da ruwa duk safiyar asibiti. Yayyenki sun iya tuƙi, amma mantuwa a jininsu take, kuma ba a wajena suka gado ta ba.

Babba da Dogo, ranar asibiti ku biyun za ku kai uwarku, ɗaya ya tuƙa zuwa, ɗaya ya tuƙa dawowa. In ɗaya ya yi fushi, ya zo da fushinsa ya zauna a gaba. Kada ta taɓa tambayar wa zai kai ta.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su riƙe ku yadda za ku riƙe ta, ya kai ku duk inda kuka nufa ya dawo da ku gida ɗaya.

Mahaifinku.