Tsagar Habibatu

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Rufin ɗakin nan na Tirwun ya yi yoyo a kan akwatin hotuna. Rabinsu sun manne da juna. Lokacin da muke gidan gwamnati a GRA ko ɗigo ban taɓa gani ba. To, ritaya ta zo, an gama da mu.

Hoton matata Habibatu ya tsira, amma ruwa ya ci kumatunta na hagu. Shi kaɗai nake da shi wanda ta kalli kyamara sosai. Allah ya jiƙanta, ba ta son hoto.

Laraba, 4 ga Satumba

'Yata Khadijatu ta kira daga Abuja. Wai in ɗauki hotunan da waya in zuba a kwamfutar da ta aiko mini. Ta turo sunan manhaja biyu. Ɗaya kyauta ce, kai za ka jera komai da hannunka, ka rubuta suna da shekara. Ɗayar da kanta take tara fuskoki, ta kuma gyara abin da ya lalace. "Baba, ta biyun za ka ɗauka, ba ka da haƙuri." Ni da na yi digiri a Zariya tun ba a haife ta ba.

Tana son 'yarta Yasmin ta san fuskar kakarta. Wannan kam gaskiya ne.

Asabar, 7 ga Satumba

Na gwada ta biyun, mai wayon. Ta raba mini hotunan makaranta da na aiki cikin ƙiftawar ido. Ban so na yaba ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na ba ta hoton Habibatu. Ta goge tabon ruwan, ta goge har da tsagar fuskarta. Duka. Ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce. Wata mata ce ta fito, santsi kamar tallar man shafawa.

Na tura wa Khadijatu don ta ga ɓarnar. Sai ta rubuto, "Kai, Mama ta yi kyau!" Na kashe wayar.

Talata, 10 ga Satumba

Na koma kan ta kyautar. Tana da wani alƙalami da mutum zai gyara da kansa, a hankali. Na ce zan share tabon in maido da tsagar hagu. Na riƙe abin, na tsaya.

Nawa ne a hagu? Na san ba daidai suke da na dama ba, Habibatu ta sha ba ni labarin wanzamin da ya yi kuskuren lissafi. Amma ƙari ya yi ko ragi? Shekara talatin da wani abu ina kallon fuskar nan.

Laraba, 11 ga Satumba

Ban tuna ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Mutum ɗaya ce za ta sani, ƙanwar Habibatu, Yagana, da ke Inkil. Rabona da gidan tun sadakar arba'in. Babu faɗa. Kawai ba na son kallon tausayi, kuma kowa ya watse da aka daina ganina da motar ofis. Ita ba ta watse ba, ni ne ba na ɗaga kiranta.

Ba zan je ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na je. Tana shanya gyaɗa. Ta ce, "A'a, angona! Ashe kana raye? Har na fara tunanin takaba." Na ce ta tsufa. Ta ce madubin Tirwun ya fashe ne?

Da na yi tambayar ba ta yi dariya ba. Ta juyo da kumatunta. "Nawa huɗu-huɗu. Na Yaya biyar a hagu, na ƙarshen gajere, nan kusa da kunne. A nan take sa yatsa in ka ɓata mata rai." Ta nuna wurin.

Sai na gani. Yatsan ma na gani.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na cire mai wayon daga kwamfutar. Na zana tsagar, ta biyar ta ɗan karkace. Na tura Abuja. Khadijatu ta kira, ta ce, "Ita ce, Baba." Ina jin Yasmin a gefe tana tambaya wa ya ji wa Kaka ciwo.

Na ce ta ba ta wayar. Mun daɗe.

Akwai fuskoki da yawa a akwatin da na manta sunansu. Yagana ta ce in kai mata ranar Asabar. Don aikin ne kawai. Zan tsaya kasuwar Wunti in sayo mata goro.