Fatihar da Aka Shafa a Doka

Litinin, 4 Yuni 2007
Alƙali ya soke hukuncin tahkim, wato sulhun dattawa. Da can dattawa uku suka zauna, suka ce faddan bakwai, kusan eka bakwai, da taraktar Abdelrahman ta cinye a gonata ta Doka nawa ne. Yau an ce babu. Dalili? Wai Tsoho, ɗaya daga cikin ukun, surukina ne, ba a rubuta ba. Wa bai sani ba a Doka? Abdelrahman kansa ya ci naman bikin.

Talata, 5 Yuni
Ummusalama, ’yata, ta ja ni wajen muhamiya, wato lauya, Ustaza Huda. Yarinya ce, na girmi ubanta. Ammi take ce mini, wato baffa. Ta ce, “Ammi Mato, wa’adin shigar da ƙara ya fara gudu tun ranar da aka ci iyakarka. Watannin tahkim an ɗauke maka su, amma sokewar ba ta ba ka sabon wa’adi ba. Saura kwana goma sha shida. In Alhamis ishirin da ɗaya ta wuce, mahkama ba za ta saurare ka ba.”
Na ce gaskiya ba nono ba ce da za ta yi tsami.
Ta ce, “A nan tana yi.”

Alhamis, 7 Yuni
Ba zan kai ƙara ba. Ranar tahkim mun ɗaga hannu, ni da Abdelrahman da dattawa, aka shafa Fatiha a kan maganar. Abin da aka rufe da Fatiha ba ni zan buɗe shi gaban mai kursin alƙalanci ba. Ubana bai taɓa ba.

Lahadi, 10 Yuni
Hadari ta wajen Habasha.

Laraba, 13 Yuni
Wani direban lori ya ce ya ga taraktar Abdelrahman tsaye bakin faddan bakwai ɗin, an ɗaura mata diskin huɗa. Ruwa kawai suke jira. Da hannuna na sare ƙayar wurin nan, shekarar da matata Hanatu ta rasu. Kafaɗata har yau tana tunawa.
Ummusalama ta ajiye takardar ƙarar kusa da butata. Na mai da ita ƙarƙashin tabarma.

Asabar, 16 Yuni
Mun yi faɗa. Ta ce, “Baba, Abdelrahman ya kai Fatihar mahkama, kai kana gadinta.” Na ce mace ba ta koya mini addini. Ta ce khalas, ta fita. Ta bar mini shayi ba sukari, da gangan.
Saura biyar. Ba lissafi nake ba, ita ke faɗa kullum.

Litinin, 18 Yuni
Na hau bas zuwa Doka, wajen Malam Ɗayyabu da ya ja Fatihar. Na je ne ya ce mini na yi daidai. Yana kwance, ido ya tafi. Ya ce, “Mato, har yanzu kanka dutse ne? Mun shafa Fatiha ne don ƙasar ta koma ga mai ita. In ka zauna wa’adi ya wuce, kai ka miƙa masa, da Fatihar da komai.”
Tsufa ya taɓa shi. Haka na ce a bas.

Talata, 19 Yuni
An yi ruwan farko. Takardar ta jiƙe ta gefe ɗaya. Na shanya ta, don kada a ce na ɓata kayan mutane.

Alhamis, 21 Yuni
Na raka Ummusalama mahkama, ba kyau mace ta je ita kaɗai. Layi har waje, magatakarda yana ta duba agogo. Ustaza Huda ta miƙo tawada. Na dangwala yatsa a takardar.
Zama na farko bayan wata guda.
Alwala uku na yi, shuɗin bai fita daga babban yatsana ba. Na daina gogewa.