Kujerar da Zan Kai Ɗakin Guga

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ba Gwaggo sauƙin gwiwar nan tata. Mu nan lafiya lau, Inna ma ta warware, har ta koma faɗanta.

Yaya, kin san ranar da cikina ya zube, amma ban taɓa gaya miki yadda aka yi ba. Ina ɗakin guga a kamfanin ɗinki, tururi ya cika ko'ina, marata tana murɗawa tun safe. Na roƙi mai kula da mu, wanda muke kira Mai Usur, ya bar ni in ɗan zauna. Ya ce ai don irina ya sa aka kwashe kujerun ɗakin, wai mace in ta zauna hannunta ma zama yake yi. A littattafan nan da kike min tsiya a kansu, in yarinya ta faɗi, wani ne ke sungumarta a guje. Ni da na faɗi, rigar da ke hannuna Mai Usur ya fara ɗaukewa, kada ta ɓaci. Ban yafe ba, kuma kada ki ce in yafe.

To, Allah ya sake ba ni rabo, har ya fara motsi. Da na gaya wa Mai Usur, cewa ya yi ciki ba ciwo ba ne. Ban yi kuka ba. Na dawo gida na ce wa kafintana, wato maigidana, ya yi min 'yar kujera. Ya ce yana tsoron a kore ni, amma ya yi ta, har da shafa mata fenti. Matan ɗakin guga suka ji labari, kowacce ta ce a yi mata tata, yanzu guntayen katakon shagonsa duk sun ƙare.

Ranar Litinin masu sayen kaya za su zo duba kamfani, ranar da Mai Usur ke sa kwat yana washe baki. So nake in ga fuskarsa in ya shigo da baƙinsa ya tarar da duwatsun guga a kashe, mu kuma a zazzaune, mun miƙe ƙafa. Ya busa usur ɗin har ya shiɗe. Na ma zaɓi littafin da zan karanta, mai kauri.

Ki gaida Gwaggo da Kawu, ki ja min kunnen Auta. In kin ji an kore ni, kin riga kin san dalili. Ranar Litinin zan ɗauki kujerata in je in zauna.

Ƙanwarki,
'Yar Littafi