Mai Gudu a Jikin Bango

Daren Alhamis, Kafin Dafga

Tun da hukumar makaranta suka raba ni da koyar da motsa jiki suka ba ɗan wani gurbina, ban ƙara sha'awar kallon tsalle ba. Sai yau.

Nasiru, mijin 'yata, ya zo da na'urar gem, wato wasan bidiyo, daga Kano. Wani saurayi ne a ciki, yana gudu a jikin bango, yana lilo da sanduna, yana wuntsilawa. Na ce, "Dirar nan ƙarya ce, da dunduniya ya sauka." Nasiru ya sunkuyar da kai: "To Baba, ku gyara masa mana."

Na karɓa. Na yi ta faɗawa rami, ina karkata jiki har na zubar da furata. Amma wallahi wasan ya yi! Sai ka auna tazara, ka san lokacin sakin hannu, yadda nake koya wa yara. Da na tsallake babban ramin sai na zabura na miƙe, na manta da sandar da nake dogarawa, na tafi zan faɗi. Nasiru ya ajiye kunyar surukuta ya tare ni.

Idona bai manta komai ba. Gwiwa ce ta tafi.