Birkin Barewa Ya Kama, Yaya

Zuwa ga yayana, marigayi Arzika mai garaji, na bakin tashar Filinge.

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan makwancinka yana da haske da yalwa. Inna tana nan lafiya, in ban da ciwon gwiwa. Na san takardar nan ba ta isa inda kake. Mutane ne za su karanta ta a waya, kuma haka nake so, don wata goma sha ɗaya na yi ina ɓoye wa Inna da kowa wata magana, na gaji da ɗaukarta.

Na gyara birkin Barewa, Yaya.

Ka tuna ranar da ka jawo motar nan daga Damana a bayan amalanken shanu? Wani Anasara ne ya ƙetaro hamada da ita tun ba a haife mu ba, ta mutu masa, ya bar ta kaji suna ƙwai a ciki. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, babu rufi. Mutanen tasha suka yi ta dariya, suna cewa, "Arzika, mi za ka yi da wagga? Ko buhun hatsi guda ba shi shiga!" Ka share guminka ka ce, "Ku bar ta, ba dako ta zo yi duniya ba."

Shekara uku ka yi kafin injinta ya tashi. Da ya tashi kuwa, kowa ya yarda sunan da ka sa mata bai faɗi ƙasa ba. Tsayawa ce matsalarta. Ka sha yi mini bayani, ni da kan nan nawa na alli: famfon birkinta hanya ɗaya gare shi, in tiyo guda ya fashe, ƙafafun huɗu duk sun saki. Da tiyon baya ya fara yoyo, ka toshe shi da ƙusa kamar yadda ake yi a garajin ƙauye. Da man birki ya yanke a gari, ka cika da ruwan sabulu. Ba ka taɓa jin daɗin hakan ba. Kakan ce, "Dabarar daji ta kwana biyu ce, ba a aure da ita." Abin da kake so shi ne famfo mai hanya biyu, in gaba ta saki, baya ta riƙe. Sai a Yamai ake samunsa, ni kuma can nake koyarwa. Ka ce in nemo maka, na ce an gama.

Ranar Babbar Salla ce ka ɓata mini rai. Kana ƙarƙashin mota ka ce in miƙo sifana mai lamba goma, na miƙa maka sha uku. Ka leƙo ka ce wa jama'a, "Ku dubi malamin lakkol, shina koya ma ɗiyan mutane lissahi, bai san goma da sha ukku ba!" Aka kwashe da dariya. Shi ke nan laifinka. Na juya shi ta kowace fuska tun bayan rasuwarka, ko zan samu ya ƙara nauyi, ya ƙi.

Na samu famfon a mako na farko da na koma. Na ɗora shi bisa kabat a kwalinsa. Kullum safiya motocin Filinge na lodi a tasha, kuma babu direban da bai san ka ba. Miƙawa kawai zan yi. Ban miƙa ba, wai ina jira ka ba ni haƙuri. Ka kira ni ya fi a ƙirga, ina kallon sunanka a waya har ta yi shiru. Wata huɗu na yi haka, ni mai furfura a gemu.

Sauran kowa ya sani. Ranar kasuwa da hantsi, a gangaren dutsen nan na hanyar Damana, tiyon gaba ya fashe. A gabanka akwai amalanken jaki cike da mata masu zuwa cin kasuwa. Ka karya sitiyari ka nufi gawo. Matan nan sun zo gaisuwa dukansu, suna kuka suna sa maka albarka. Mutane suna cewa ajali, wasu a ɓoye suna cewa ganganci, wa ya aike shi hawa motar da ba birki. Ina zaune a tabarma ina amsa "ya haƙuri", maganar famfon kuwa na ɓoye ta. Ana yin sadakar bakwai na gudu Yamai. Ban sake taka Filinge ba, don ba ni iya haɗa ido da Inna.

Da aka ba da hutun bana na sauko da kwalin, na kakkaɓe ƙurarsa, na shiga motar Filinge. Na je wurin Baba Sumana, tsohon Bazabarmen da ya koya maka aiki. Ya dubi famfon, ya dube ni, ya karanta abin da ke rubuce a fuskata. Ya ce da harshensu, "Kala suru, sai haƙuri, malam. Ɗauko sifana."

Kwana goma sha biyu muka yi. Muka miƙe gaban Barewa da ya lotse. Muka cire tsohon famfo, muka ɗaura sabo, muka ja tiyo biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Cikin tsofaffin duk tsatsa ce, aikin ruwan sabulu. Da hannuna na zaro ƙusarka. Ka daddale kanta da kyau, ka naɗa mata zare, ko aikin wucin gadi ba ka iya yin shi da ƙyuya. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Baba Sumana ya tashi ya tafi wai zai sha shayi.

Da muka zo fitar da iska daga birkin, shi yana ƙasa, ni ina kujerarka. Yana cewa taka, riƙe, saki. Tun feda tana nutsewa har ƙasa kamar an taka tuwo, har ta fara tauri, har ta tsaya cak ta ture ƙafata. Na kai Barewa gangaren nan da kaina. Na sake ta ta ɗauki gudu, na taka. Ta tsaya, Yaya. Ta tsaya tun da sauran tafiya mai yawa kafin gawon. Ashe abin da ya raba ni da kai bai fi cikin tafin hannu ba, kuma a ɗakina ya kwana wata huɗu. Da-na-sani ƙeya ce, na ji ana faɗi tun ina ƙarami, sai ranar na san nauyinta.

Daga can gida na wuce. Na tarar da Inna tana tsince wake, na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga sifana har kabat. Na sa rai za ta tsine mini, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta ɗaga kai daga faifai ba. Ta ce, "Na sani. Yayanka ya hwaɗa mini ka samu abin, wani direba ya gan ka kana saye. Wurinka za shi rannan. Yac ce hushin yaron nan ya daɗe, shi ne babba, shi ya kamata shi tahi." Ta ce har cuku ka saya mini, don ka san ina so. Sannan ta dube ni ta ce, "Ƙasa ta ɗauki guda, kai kau ka bar kunya ta ɗauke mini na biyu. Wata goma sha ɗaya ina jiran ka, Hamidu."

Inna ta yafe mini. Kai ne ban san yadda zan yi da kai ba. Ranar da aka shimfiɗe ka, liman ya ce duk mai haƙƙi a kanka ya yafe, jama'a suka ce sun yafe, har da ni a sahun gaba, da ƙarfi. Ni da ya kamata in roƙa, ni ne na yi kyauta. Babu wanda ya juya ya tambaye ka ko kai ka yafe mana.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya sa ka huta. Allah ya karɓi rayukan matan nan da ka tsare a matsayin shaida gare ka. Allah ya ba Inna tsawon rai in samu in yi mata hidimar mutum biyu. In kuma ya ƙaddara mun haɗu, ina roƙon sa ya bar ni in riga ka magana, ko sau ɗaya.

Wassalam.

Ƙanenka,
Hamidu