Asalin Baba a Cikin Akwatuna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Baba da sauƙi, sai dai mantuwar kullum ƙaruwa take. Na fara buga asalin danginmu a kwamfutar shago kamar yadda ka ce, amma na gaji. Fayil ɗin nan mai akwati-akwati da ka turo ba ya ɗaukar maganar Baba. In na tambayi sunan kakansa, sai ya faro daga rijiyar da mutumin ya haƙa. A wane akwati zan sa rijiya? Ka bar ni da fayil ɗin rubutu, in bi bakinsa yadda yake faɗa.

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Suna a layi ɗaya, sunan uba a na kusa da shi, shi ke nan. Labari ba ya jeruwa. Ni ma aiki ya sha kaina. Ki cike ki turo, in gyara in bugo masa a takarda. A gaishe shi.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardar ta iso, amma me ka taɓa? Ka jera sunayen 'ya'ya bisa haruffa, layin iyaye kuwa ya tsaya inda yake. Yanzu Baffa Dogo ya zama ɗan ƙanensa, Kaka Maƙeri ya haifi mahaifinsa. Na nemi fayil ɗina na farko, ashe da na ajiye naka a kwamfuta ya hau kan nawa ya goge shi. Na koma wa Baba in sake tambaya, ya ce in duba takarda, ai ɗansa ne ya bugo daga ofis. Tana ƙarƙashin matashinsa, ba ya bari a taɓa. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa zan yi faɗa ba.

Ka huta lafiya. Auta.

Auta,

Barka da ƙoƙari. Na duba ko'ina, ba ni da tsohon. Abinci ma ya ƙi ciwuwa. Ki buɗe fayil ɗin rubutun, duk abin da ya faɗa ki sa, ko ba kai ba gindi. Zan nemi hutu.

Yayanki.

Yaya,

Salamu alaikum. Na buɗe, na zauna gabansa tun safe. Na ce, "Baba, wa ya haife ka?" Ya lalubo takardar, ya bi layi da yatsa a hankali, ya karanto min sunanka.

Ka taho.

Auta.