Faifan Tajwidin da Ya Ƙi Magana

Gumel, ranar Lahadi

Zuwa ga autana Habibullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da aiki da zaman Kano. Mu nan alhamdulillahi, Malam yana gaishe ka.

Auta, albishirinka! Islamiyyar unguwarmu za ta buɗe ajin matan aure, kuma an saka sunana cikin waɗanda za a gwada ranar Asabar don koyar da ajin. Ni fa, da furfurata! Sai dai da tajwidi za a yi gwajin, ni kuwa ka san karatun allo na yi, har yau haruffan lodi da lam kusan ɗaya suke fita a bakina. Malama Ummu Salma ta Maigatari ta aro mini faifan sidi, ta ce a ciki ana nuna bakin mai karatu, a ga inda harshe yake sauka.

To na sa shi a kwamfutar da ka bar mini, ya yi gurnani kaɗan, ya yi shiru. Na fitar na mayar, haka. Ko wannan Linux ɗin da ka sa mata ne bai san faifai ba? Ba zarginka nake ba, tambaya ce. Ka rubuto abin da zan yi a takarda ka ba Ilu direba, don a waya ba na kama haruffan nan naku.

Mahaifiyarka,
Hajaratu

Gumel, ranar Talata

Auta,

Bayan sallama da fatan alheri, takardarka ta iso, Allah ya yi maka albarka.

Na buɗe baƙin allon nan yadda ka zana. Na rubuta eject da yatsa ɗaya, ina bismillah, sai ga tiren faifan ya fito da kansa! Wallahi sai da na zabura. Na kira Malam na sake yi a gabansa, ya ce to, yanzu kuma aljanun Bature nake ba umarni. Na biyun, lsblk, ya jero layuka, kuma na ga sr0 ɗin da ka ce in nema. Ke nan ta san da na'urar faifan, na wanke Linux ɗinka. Amma da na gwada na ukun sai ta ce babu faifai a ciki, alhali da hannuna na sa. Na gwada wani faifan na maƙwabta, amsar ɗaya.

Jiya na hau keke mai ƙafa uku na kai ta shagon Ya'u mai gyara. Ya ce shi bai saba da irin wannan ba, in yarda ya goge komai ya zuba wanda ya sani. Na ce masa ya yi haƙuri, kayan ɗana ne a ciki, ban nemi izini ba. Na naɗe abata na dawo.

Ka ce idan duk wannan bai yi ba, wataƙila idon da ke karanta faifan ne ya yi datti. Anya kuwa? Tun da ka zuba mata Alƙur'ani ban taɓa ajiye ta a ƙasa ba. Kullum tana naɗe cikin farin zane a saman sif, ko kwano ban wanke kamar yadda nake kula da ita ba.

Asabar na matsowa. Ka sa ni a addu'a.

Mahaifiyarka,
Hajaratu

Gumel, ranar Lahadi

Autana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka zauna ka karanta wannan!

Ran Laraba da hantsi na sa turaren wuta a kasko kamar kullum. Na ɗauki tabarauna zan duba takardarka sai na ga hazo-hazo, na goge da bakin mayafi, abin ya dame kamar mai. Ina cikin mitar turaren nan mai ɓata mini gilashi, sai na tsaya cak. Auta, duk Juma'a nakan turara gafakar Alƙur'anina, kuma tun da ka zuba wa kwamfutar nan karatu nake haɗawa da ita. Ina ɗaga ta bisa kaskon, har tiren nake buɗewa don ƙamshin ya shiga ciki sosai.

Na rubuta eject, na kai ta bakin taga. Ga ɗan idon nan kamar ƙwayar gero, ya yi dishi-dishi. Na kashe ta, na samo auduga da ɗigon sifirit a kemis, na shafa a hankali kamar ina sa wa jariri kwalli. Na bari ya bushe, na mayar da faifan.

Sai ta ɗauki juyi, wani sauti mai daɗi, ga mai karatu ya bayyana! Na yi kabbara har Malam ya shigo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, yana tambayar wa ya haihu. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce duk Gumel babu kwamfutar da ta kai tawa ƙamshi, ba ta dai gani ne kawai.

Daga ranar na ajiye madubi kusa da ita, ina kallon bakinsa ina kallon nawa. Ashe gefen harshe ne yake jingina da turamen haƙora! Har tuwo na ƙona ran Alhamis.

Jiya aka yi gwajin. Shugaban makarantar ya ce in karanta Fatiha. Da na zo ƙarshe na rufe ido, na sa harshena inda na gani, lodi ya fita da nauyinsa. Ya ce in sake, na sake. Sai ya tambayi wanda ya koya mini, na gaya masa gaskiya, har da turaren.

An ɗauke ni, gobe Litinin zan fara. Faifan yana hannun Ilu, zai kai wa mai shi Maigatari da godiyata. Turare kuma na bar shi ga gafaka kaɗai, ko da yake ranar Juma'a sai da na ɗan ji tausayin kwamfutar.

Ka gaishe da abokan zamanka. Allah ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka,
Malama Hajaratu